Jirgin Ɗan Ƙanwata da Ke Rataye a Ɗakina

Wata bakwai ke nan jirgin yana rataye a bangon ɗakina, daidai saman teburin da nake gyaran takardun yara. Fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan ba su kai mita ɗaya da rabi ba, nauyinsa kuwa ko kilo guda bai cika ba. An yi shi da farin soson nan mara nauyi da ake tokare firij da shi a cikin kwali, an liƙe da gam da salatif, hancinsa ya sha ɗauri har sau uku. Batirinsa da akwatin da ake tuƙa shi suna cikin adakata, makullin yana aljihuna. Mai jirgin ɗan ƙanwata ne, shekararsa 15. A hannuna yake zaune nan Tawa saboda karatun kwaleji, iyayensa kuwa suna can Takanamat. Duk safiya idan ya shigo gaishe ni sai ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina kwana," idonsa na kan bango. Bai taɓa roƙona in mayar masa ba, kuma wannan shirun nasa ya fi roƙon damuna.

Na kawo maganar gaban malamai ƴan'uwana da iyaye ne don na san ba gidana kaɗai ake da irin wannan yaro ba. Kowace makaranta tana da nata, wanda in rediyo ya mutu sai ya buɗe cikinsa kafin a ankara. Abin da na yi wa nawa, har yanzu ban gama yanke wa kaina hukunci a kai ba.

Duk wanda ya tashi a Adar ya yi motar kara, wasu sun kai ga ta gwangwani da waya. Shi yaron nan tun yana firamare ya tsallake mota ya koma jirgi. Na farko-farkon jifa yake yi da hannu, su yi ɗan lilo su faɗi. Wata rana na tarar da shi ya ɗora wani a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafuki, yana cusa ƙusa a hancin, ya cire, ya sake cusa ƙarama. Na tambaye shi me yake yi, ya ce in baya ya fi nauyi jirgin sai ya ɗaga kai ya tsaya cak ya rikito, in gaba ya fi nauyi sai ya nufi ƙasa da baki, shi yana neman tsakiya ne. Ni da nake koyar da kimiyya, shekara nawa ina zana wannan tsakiyar nauyi da alli a kan allo yara suna kwafa ba su gane ba, ga shi ya same ta da ƙusa.

Daga baya baffansa da ke ci-rani a Abijan ya ji labari, ya aiko masa da kayan da wani ya gama amfani da su: akwatin tuƙi mai sanduna biyu, ƙaramin inji da farfela, da ƴan ƙananan na'urori biyu masu motsa wutsiya. Nan aka shiga wani sabon karatu. Mukan fita bayan gari ranar Asabar da sassafe kafin iska ta tashi, mu yi nesa da filin jirgin saman Tawa, don wannan kam ko ba a faɗa mini ba na san ba wurin wasa ba ne. Tuƙin hannu abu ne mai wuya, na gwada sau ɗaya na bar wa mai shi. Idan jirgin yana tafiya yana ba ka baya, damarka ita ce damarsa. Da zarar ya juyo yana fuskantarka, komai ya birkice: ka tura dama ya yi hagunka. Sai ka koyi ɗaukar kanka ka sa a cikin jirgin alhali ƙafafunka na ƙasa. Dole ka tashi kana fuskantar iska, ka sauka kana fuskantarta. In ka ja sanda da ƙarfi don son hawa da sauri, gudu ya ƙare, fukafuki ya daina ɗaukarsa, ya faɗo kamar dutse. Duk wannan yaron ya koye shi da karaya da ɗauri. Yakan dawo gida da gutsattsarin soso a cikin buhu, ya kwana yana liƙi, kuma duk faɗuwa sai ya gaya mini dalilinta. Ban taɓa jin ya ce ƙaddara ce ba, kullum sai ya ce ga abin da hannunsa ya yi.

Rigimarmu ta fara ranar da ya nuna mini wani ɗan allon lantarki a wayar abokinsa, bai fi girman akwatin ashana ba. Ya ce in aka haɗa shi da na'urar GPS aka sa a jirgi, sai mutum ya buɗe taswira, ya dangwala wurare da yatsa, jirgin ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kansa, ya dawo. In ma saƙon rediyo ya yanke, zai juyo inda ya tashi. Manhajar da ke yin wannan aiki, irin su ArduPilot, kyauta ake sauke ta daga intanet, allon kuwa ya ji ana samunsa ta hannun masu zuwa Kano. Ya ce, "Kawu, da shi sai in aika wa Inna wasiƙa tun daga nan." Na yi dariya, don na san batirinsa ko minti goma sha biyar ba ya kaiwa. Amma da na kwanta sai dariyar ta guje mini. Washegari na ce ba za a saya ba. Ya tambaye ni dalili, na ce don na ce. Amsar ragon malami ke nan, na sani.

Da hutu ya zo, ya kwance jirgin ya cusa a buhun shinkafa ya tafi da shi Takanamat ban sani ba. So yake ya nuna wa uwarsa da kakansa. Ya fita bayan gari da la'asar, kusa da rijiya, ya tayar da shi. Injin irin wannan jirgi ƙara ce da shi siririya, kamar ta babban sauro. Matan da ke jan ruwa suka saki guga suka watse, wata ta bar takalmanta. Wani dattijo ya kwanta rubda-ciki a gindin itace. Awaki suka fashe. Kafin yaron ya sauke jirgin labari ya gama gari, kafin magariba kuwa ya kai kunnen jami'an tsaro.

Wanda ke nesa zai iya cewa ƙauyanci ne. Ba ƙauyanci ba ne, sani ne. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tilliya da Tasara, arewa da mu. A ranar 21 ga Maris na 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tilliya cikin yini guda, bisa ƙidayar gwamnati. Hanyar da ta bi ta Takanamat ita ce ta nufi can. Sararin samaniyar ƙasar nan kuma ya daɗe da sanin jirage marasa matuƙa: Amurkawa sun fara tayar da nasu daga Yamai a 2013, daga baya suka gina sansani a Agadas wanda suka bari a 2024, Faransawa ma sun tayar da nasu, sojojinmu kuma sun karɓi ƙirar Turkiyya, Bayraktar TB2, a 2022. Su ma ƴan bindigar Sahel sun koyi amfani da ƙananan jiragen kasuwa, su leƙa, wani lokaci su jefa. Mutumin da ya ji ƙara a sama a wannan yanki ya gudu, hankalinsa ne ya yi aiki.

Tsohonmu ya kira ni a waya da dare, na kama hanya da asuba. Jami'in da na tarar, ba zan faɗi sunansa ko rundunarsa ba, mutumin kirki ne, ya riga ya gane yaro ne da wasansa. Ya juya jirgin a hannu yana dubawa, ya ce, "Mushe, abin nan in yaron ya saki hannu, yana ci gaba da tafiya?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, faɗowa yake. Ya ce yana da kyamara? Na ce babu. Ya ce yana iya zuwa inda mai shi ba ya ganinsa? Na ce in ya ɓace wa ido ya ɓace ke nan, don da ido ake tuƙa shi. Ya gyaɗa kai, sannan ya yi mini tambayar da har yau take bina. Ya ce, "Na yarda. To ni da nake ƙasa da bindiga, ta ina zan san duk wannan?" Ya miƙo mini jirgin ya ce in tafi da shi, kada ya sake ganinsa a sama, don wanda zai gani gobe ba lalle ya tsaya tambaya ba. Da na dubi yaron yana tsaye da akwati mai eriya a hannu, a bayan gari, a wannan yanki, sai gwiwoyina suka yi sanyi. Daga nan jirgin ya hau bango.

Na zaci matsalar tamu ce kaɗai, ta talauci da rashin tsaro. Da na shiga karatu sai na tarar cewa tambayoyin nan uku na jami'in su ne ainihin abin da masu wannan sana'ar wasa da hukumomi suka shekara da shekaru suna ja-in-ja a kai a ƙasashen da suka riga mu.

A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage ta AMA, wadda aka kafa tun 1936. Shekaru da dama hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, ba ta matsa musu ba. A 1981 ta ba su shawara kawai: kada su wuce ƙafa 400, wato kamar mita 120, su nisanci jama'a, su kauce wa manyan jirage. Dalilin sassaucin a fili yake. Jirgin da ake tuƙawa da hannu yana ɗaure da idon mai shi, kuma kafin mutum ya iya sai ya yi watanni a filin ƙungiya ƙarƙashin wani tsohon hannu. Wahalar koyon ita kanta ta zama shinge.

Wanda ya nuna wa duniya cewa shingen na iya faɗuwa ɗan cikin gida ne, wani dattijo mai suna Maynard Hill. A watan Agustan 2003, yana da shekara 77, idonsa ya kusa mutuwa, kunnensa ya yi nauyi, ya tayar da wani jirgin wasa da bai kai kilo 5 ba daga gaɓar Newfoundland a Kanada. An fara tuƙa shi da hannu har ya hau sama, sannan aka miƙa shi ga na'urar tuƙa kai mai bin tauraron ɗan'adam. Ya ratsa tekun Atlantika, kilomita sama da 3,000, cikin kusan awa 39, man da ya rage masa bai fi cikin ƙaramin kofin shayi ba. Da ya iso Ayalan, shugaban AMA na lokacin, Dave Brown, ya karɓe shi da akwatin tuƙi ya sauke shi da hannu. Huɗu da Hill ya tura kafin wannan duk sun salwanta. Na karanta wa yaron wannan labari don in faranta masa, sai ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Da allon nan ne." Ni kuwa abin da na gani shi ne, in jirgin wasa zai iya ƙetare teku ya sauka inda aka nufa, to ba a sake kallonsa a matsayin wasa zalla ba.

Bayan haka abin ya yi arha. A 2013 kamfanin DJI na China ya fito da Phantom, mai farfela huɗu, wanda yake tsayawa cak a sama da kansa ko ka saki sanda. Wanda bai taɓa koyon komai ba zai saya da safe ya tayar da rana. A Janairun 2015 ɗaya ya faɗa harabar fadar shugaban Amurka. A Disamban 2018 rahoton ganin irinsu ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, tashi da sauka kusan 1,000 suka lalace. Tsofaffin masu tuƙin hannu suka yi ta kukan cewa kada a haɗa su da waɗannan, su ƙera nasu suke yi, a filinsu suke tashi, idonsu na kai. Majalisar Amurka ta saurare su a 2012, ta ware musu sashe na musamman a doka, da sharaɗin jirgin ya kasance a cikin ganin mai shi. A ƙarshen 2015 FAA ta ce duk jirgin da ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista. Wani lauya mai wannan wasa, John Taylor, ya kai ƙara ya yi nasara a 2017, majalisa ta maido da rajistar a shekarar, a 2018 kuma ta soke sashen da ta ware musu gaba ɗaya. Yanzu ƙa'idar ita ce jirgi ya riƙa watsa shaidarsa da inda yake ta rediyo, sai dai in a filin da hukuma ta amince da shi ake tashi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda suka ja layi a kan na'urar tuƙa kai. AMA ba ta haramta ta ba. Ta ce a yi amfani da ita muddin jirgin yana cikin ganin matuƙi kuma yana iya karɓe tuƙi a kowane lokaci. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ma ta bambanta jirgin da ke bin hanyar da aka tsara masa amma mutum na iya katse shi, da wanda ba mai iya sa masa hannu. Na biyun ba a yarda da shi ba a rukunin da talakawa ke tashi ba tare da izini na musamman ba.

Da na tsaya nan da na ce na ci gardama: hannu lafiya, na'ura haɗari, na yi daidai da na hana allon. Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba, kuma bai kamata malami ya ɓoye rabin da bai yi masa daɗi ba. Ƙananan jiragen da suka fi kisa a yaƙin Yukren da hannu ake tuƙa yawancinsu, mutum ya sa tabarau mai nuna masa abin da kyamarar jirgin ke gani, ya kai shi har kan abin da ya nufa. A ɗaya ɓangaren, jiragen kamfanin Zipline da ke kai jini da magani asibitocin karkara a Ruwanda tun 2016, a Gana tun 2019, a jihar Kaduna tun 2022, da kansu suke tafiya, babu mai riƙe da sanda. Har a wasan yara, na'urar ce takan hana jirgi faɗa wa kan mutane idan saƙo ya yanke. Jirgin ɗan ƙanwata kuwa, wanda babu komai a cikinsa sai hannu, shi ne ya watsa mata daga rijiya. Ashe sharri ba a cikin allon yake zaune ba.

Mafita ta zo mini daga inda ban zata ba, daga bakin tsohonmu, wanda bai taɓa shiga aji ba. Ina ba shi labarin gardamar Turawa sai ya ce ai wannan tsohuwar shari'a ce, ta kiwo da sake. Dabbar da makiyayi ke biye da ita da sanda daban, wadda aka saka ta yi yawonta daban. Ba a hana sake ba, amma yana da lokaci: duk shekara bayan girbi hukuma takan zauna da manoma da makiyaya a tsayar da ranar sakin gonaki, wanda dabbarsa ta shiga kafin ranar ya biya ɓarna. Yana da wuri: tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Kuma yana da shaida. Raƙumi a Azawak yakan yi kwanaki yana kiwo ba kowa a bayansa, ba mai tayar da hankali, don akwai lalas a jikinsa, duk wanda ya gani ya san na gidan wane ne, ya san wa zai nema in an yi ɓarna. Ya ce, "Jirgin jikana ba shi da lokaci, ba shi da wuri, ba shi da shaida. Ko ni na gan shi ban san shi ba, gudu zan yi."

Wannan ita ce amsar tambayar jami'in. Daga ƙasa ba ya iya ganin ko akwai allo a cikin jirgi. Abin da zai iya sani shi ne cewa ranar Asabar daga ƙarfe 7 zuwa 9, a fili kaza cikin garin Tawa, yaran makaranta kaza suna tashi ƙarƙashin malam wane, ga sunayensu a takarda, ga lambar wayarsa, jiragensu ba sa wuce tsayi kaza, ba kyamara, ba sa fita daga ganin ido. Duk abin da aka gani a wajen wannan, ba namu ba ne. A Takanamat da abin da ya yi arewa kuwa, ni da bakina nake cewa kada a tayar da komai sai ƙura ta lafa. Ran yaro ya fi jirgi.

Abin da nake tsoro shi ne hanya mai sauƙi, wadda na bi da kaina: a rataye a bango. Maƙwabtanmu sun gwada irinta. A 2016 hukumar jiragen saman Najeriya ta ce ba mai tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuɗin neman izinin kuwa naira 500,000. Ƙa'ida ce da aka yanka daidai wuyan kamfani, ɗan makaranta ba shi da ƙofar shiga. A farkon 2025 sojojin ƙasar suka hana tashi ba izini a arewa maso gabas, bayan ƴan ta'adda sun kai hari da irin waɗannan jirage, kuma wannan ban ga laifinsu ba. Mu a nan hukumar ANAC ce ke da hurumin abin da ke tashi sama, mazauninta na Yamai. Ɗan kwalejin da ke Adar da jirgin soso, tsakaninsa da Yamai tafiyar yini ce da kuɗin mota da ba shi da su. In ba a buɗe wa irinsa ƙaramar ƙofa kusa da gida ba, abu biyu ne: ko ya bari, ko ya yi a ɓoye. Na biyun shi ne ya kusa jawo mana kuka. Ɗan ta'adda kuwa dama ba ya neman izini.

Na farkon ma asara ce, ko da ba a ganinta. A 2016 hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci taswirar sansanonin da ke jihar Difa. Wanda ya yi aikin ɗan ƙasar nan ne, Aziz Kountché, wanda ya koya wa kansa ƙira, da jirgin da ya haɗa da hannunsa, kuma da izinin gwamnati ya tashi a yankin da ake yaƙi. A Kano kuwa, a 2007, wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota har ya ɗaga daga ƙasa. Irin waɗannan ba daga sama suke faɗowa ba, daga ƙusa da soso suke farawa. Ƙasar da ke sayen jirage daga Turkiyya tana bukatar masu gyara su, manomi yana bukatar wanda zai duba masa inda fari suka sauka, kuma ba na jin za mu same su in duk kawu ya yi abin da na yi.

Saura maganar allon, tsakanina da shi. A nan ra'ayina bai sauya ba, sai dai yanzu ina da dalilin da ya fi "don na ce". Dalilin na aji ne, ba na tsaro ba. Muna hana yaro na'urar lissafi har sai ya iya jadawalin sau, ba don na'urar haram ce ba, sai don wanda bai iya da ka ba ba zai gane ranar da ta ba shi amsar banza ba. Dokokin da na ambata duk sun rataya a kan cewa mutum zai iya karɓe tuƙi. To wanda bai taɓa tuƙi ba me zai karɓa? Ko jirgin Hill, hannu ne ya tayar da shi, hannu ne ya sauke shi, kuma mai shi ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ƙira da tuƙi kafin ya yarda ya saki. Na gaya wa yaron cewa ranar da ya sauke jirginsa sau ashirin a jere a cikin da'irar da zan zana masa a ƙasa, ba karaya, za mu zauna mu yi maganar allo, shi ma a cikin fili, a cikin ganin ido, yatsansa a kan maɓallin karɓewa. Ya ce, "Kawu, ta yaya zan sauke sau ashirin jirgin yana bango?" Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita.

Makonni uku da suka wuce na rubuta takarda zuwa ga shugaban makarantarmu da ƙungiyar iyayen yara, ina neman a kafa ƙaramar ƙungiyar ƙera jirage a matsayin aikin makaranta, a kuma nema mana izini a rubuce daga magabatan gari da jami'an tsaro kafin a tayar da komai mai inji. A taron iyaye wani ya ce ɓata lokaci ne ga yaran da jarrabawar BEPC ke gabansu. Wata uwa ta ce ita dai kada a jawo wa ɗanta abin da ya fi ƙarfinta, kuma na fahimce ta sarai. Mutum huɗu suka ce a sa sunan ƴaƴansu, biyu daga ciki mata ne. Shugaban ya karɓi takardar ya ce zai kai ta gaba.

Kafin amsa ta zo, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Jirgin farko da ya tashi daidai a tarihin wannan wasa, wanda Bafaranshe Alphonse Pénaud ya nuna a Paris a 1871, da murɗaɗɗiyar roba ya tashi, ba rediyo, ba batir. Asabar ɗin da ta wuce na yanko robar tsohon tiyub na keke, na tara yaran nan biyar a harabar makaranta, na ce ɗan ƙanwata ya koya musu neman tsakiyar nauyi. Ya zo da ƙusoshi cike da aljihu. Na ɗaya daga cikin ƴan matan ne ya fi nisa, ya tsallake filin ƙwallo ya maƙale a kan dogonyaro, sai da muka aro gora wurin mai gadi.